Yadda Ake Zaɓen 'Yar Na'urar MP3, a Tsara Ta, a Ji Daɗinta

Tunda kowace waya tana kunna sauti, wasu na ganin sayen 'yar MP3 asarar kuɗi ce. Kamfanin Apple ma, wanda ya fito da iPod a 2001, ya daina ƙera shi a 2022. Amma Sony bai bar yin Walkman ba, kamfanonin China irin su FiiO da Shanling suna ta fito da sababbi, ga kuma ƙananan rediyoyi masu cin memori sun cika kasuwanninmu. Dalilin ba a ɓoye yake ba. Na'urar ba ta cin data, kira ba ya katse maka karatu, cajin wayarka yana nan don wata buƙatar, kuma kana iya miƙa ta ga yaro mai hadda ba tare da ka buɗe masa ƙofar intanet ba. Sai dai jin daɗinta ya dogara ne kacokan kan memorin da ka sa mata da yadda ka tsara shi.

Mataki na farko: san wacce ta dace da kai

Akwai 'yar rediyo mai sifika wadda ke karɓar memori da fulash. Ita ce ta shago, ta gona, ta dattijon da ke son sauraren tafsiri a zaure. Babbar fa'idarta batirinta yana cirewa, galibi BL-5C irin na tsofaffin wayoyin Nokia ko mai gwangwani 18650, in ya mutu ka sayi wani. Akwai ƙarama ta aljihu da ake ji da iyafis, mai ɗan allo, wadda ta fi dacewa da ɗalibi da matafiyi. Sai manya masu tsada, wasunsu masu Android, na waɗanda ke neman sauti tsantsa irin na FLAC, wato tsarin fayil da ba ya rage ingancin sauti. In ba ka da iyafis mai kyan gaske, kada ka zuba kuɗi a wannan ta uku, kunnenka ba zai ji bambancin ba.

Mataki na biyu: gwada ta a gaban mai shago

Ka je da memorinka, da ɗan abin saurare a ciki. Kunna doguwar lacca, ka tura ta zuwa tsakiya, ka kashe na'urar, ka sake kunnawa. In ta ɗora daga inda ta tsaya, madalla. In ta koma farko, ajiye ta, don mai sauraren karatun awa ɗaya da rabi ba zai jure wannan ba. Duba ko tana nuna folda-folda da sunayensu, ko lamba kawai take nunawa. Mai hadda ya nemi maɓallin A-B: kana danna shi a farkon aya, ka sake dannawa a ƙarshenta, sai na'urar ta yi ta maimaita wannan gaɓar har ka ce ya isa.

Rubutun Bluetooth a jikin kwali ma yana ruɗin mutane. Yawancin rediyoyi masu sifika karɓar sauti suke yi daga waya, ba sa aikawa. In iyafis mara igiya kake son amfani da shi, haɗa shi nan take ka ji da kunnenka.

Mataki na uku: memori

Fara da lissafi. Fayil ɗin MP3 mai 128kbps (kbps ma'aunin ingancin sautin fayil ne) yana cin kusan MB 1 a kowane minti, mai 320kbps kuma kusan MB 2.4. Ke nan memori mai GB 8 zai ɗauki sauti na fiye da awa 120 a 128kbps, mai GB 32 kuma fiye da awa 500. Magana zalla, kamar wa'azi ko darasi, tana fita tas a 64kbps, wanda ke cin rabin wancan wurin. Karatun da ya kai awa 30 bai cika GB 2 ba a 128kbps. Don haka yawancinmu 16 ko 32 sun ishe mu har da ragi.

Akwai wani dalilin tsayawa a 32. Memori har zuwa GB 32 yana zuwa da tsarin FAT32, wanda kusan kowace na'ura ke karantawa. Daga 64 zuwa sama tsarin exFAT ne, kuma ƙananan na'urori masu araha da yawa ba su san shi ba. Sai ka sa memori mai tsada, allo ya ce babu komai. Karanta jikin kwalin ka ga iyakar abin da take ɗauka.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne memorin jabu. Ana ɗaukar mai ƙaramin ciki a sauya masa bayani, sai waya da kwamfuta su nuna 64 alhali cikinsa bai kai haka ba. Zai yi ta karɓar kaya kamar da gaske, sai daga baya ka tarar fayiloli sun ƙi buɗewa. Mutum ya shekara yana tara karatun malaminsa, ya tafi a banza. Maganinsa gwaji tun ranar farko: a kwamfuta mai Windows akwai manhajar kyauta mai suna H2testw, tana cika memorin da bayanai sannan ta karanta su, ta faɗa maka ainihin cikinsa. In babu kwamfuta, cika shi maƙil da bidiyo, sannan ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Kuma in farashin ya yi arha fiye da hankali, ka bar shi.

Mataki na huɗu: loda da tsari

Buɗe manyan folda kaɗan: Alƙur'ani, Tafsiri, Darussa, Waƙoƙi. Cikin kowacce, folda ɗaya ga kowane malami ko mawaƙi. Kada ka yi ta cusa folda cikin folda, danne-danne a ƙaramin allo yana gajiyarwa.

Sa lamba a gaban sunan kowane fayil, kuma da sifili: 001, 002, har 114 in surori ne. In ka rubuta 1, 2, 10, na'ura da yawa za su jero 10 da 100 kafin 2. Wasu ƙananan ma ba sa kula da suna sam, abin da aka fara turawa shi suke fara kunnawa. Irin waɗannan sai ka tura fayilolin a jere cikin folda wadda ba komai a cikinta. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, da rubutun Larabci, sukan fito a murɗe a wasu allunan, don haka a sunan fayil k da d da b sun wadatar. Na'urar da ke jera kaya bisa sunan mawaƙi tana karanta bayanin da ke cikin fayil ne, kuma manhajar Mp3tag tana gyara shi.

Abu biyu sukan ƙi kunnuwa. Saƙon murya na WhatsApp tsarin opus ne, wanda ƙananan na'urori da yawa ba sa ɗauka, sai an mayar da shi MP3 da manhajar VLC ko Audacity. Waƙar da ka sauke a cikin manhaja irin Spotify kuwa a kulle take a can, ba ta kwafuwa zuwa memori.

In wurin masu turi za ka je, irin na kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ka tafi da memorin da babu wani abu mai muhimmanci a ciki, don kwamfutar da ke karɓar memorin jama'a tana iya ɗauke da bairos. Ka tuna kuma mawaƙi ya biya kuɗin situdiyo. Inda ya sa aikinsa a kasuwa, ka saya a hannunsa, haƙƙi ne.

Mataki na biyar: kunnenka

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraren sauti mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da illa ba, amma in ya kai 90, lokacin ya sauko zuwa awa 4. Shawararta kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarar na'ura. A cikin mota ko kusa da janareta ne mutum ke ƙure ƙara bai sani ba. Iyafis mai robar da ke toshe kunne yana rage hayaniya, sai ka ji sosai da ƙara kaɗan. In ka cire ka ji kunnenka yana ƙugi, ka wuce gona da iri. Ji in ya lalace ta wannan hanyar ba ya dawowa, don haka ka duba ƙarar da yaro ke sawa. Mai tuƙa babur ko Keke Napep kuma kada ya toshe kunnuwansa a kan titi.

Mataki na shida: caji da adana

Zafi ne ke kashe batirin lithium. Kada ka bar na'urar a gaban gilashin mota, musamman a bazara. Caja ta gama-gari mai 5V ta ishe ta. Wasu masu ramin USB-C ba sa ɗaukar caji da igiyar da kanta biyu duk C ne, sai mai faffaɗan kai a ɗaya gefen, don haka gwada wannan kafin ka ce ta mutu. Batirin da ya kumbura a cire shi nan da nan. Da hunturu, ƙura takan cika ramin iyafis har sauti ya riƙa fita ta kunne ɗaya, sai a kashe na'urar a share a hankali da busasshen burushi mai laushi.

Kashe na'urar kafin ka zare memori, kuma a kwamfuta ka danna umarnin cirewa tukuna. Duk lokacin da ka ƙara sabon abu, kwafi memorin gaba ɗaya zuwa kwamfuta ko fulash, don in ya lalace ka sayi wani ka mayar da kayanka da tsarinsu yadda suke.