Yadda Ake Gyara Intanet Ta Layin Tarho A Kwamfutar Da Ake Zuwa Ofis Da Ita

Ma'aikacin da ke jona kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka da layin ofis da rana, da dare kuma ya koma gida, a ce Gwammaja ko Tarauni, ya nemi shiga intanet ta wayar tarho, tsohuwar hanyar da yanzu ba a cika amfani da ita ba, yakan ɗora wa modem, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, laifin da ba nasa ba. Sau da yawa saitin ofis ne ya biyo kwamfutar har gida. Saboda haka, kafin a taɓa komai, a fara tantancewa: kiran ne bai shiga ba, ko kuwa ya shiga amma shafuka sun ƙi buɗewa?

Idan kiran bai shiga ba, Windows kan nuna lamba. Lamba 680 na nufin modem bai ji sautin layi ba, don haka sai a jona tarho a ji ko layin na da rai, a kuma duba ko an soka wayar tarho a ramin kwamfutar da ake soka wayar intanet ta ofis, domin ramukan biyu sun yi kama, sai dai na ofis ya fi faɗi. Lamba 676 kuwa layin ne a cike, haƙuri kawai za a yi. Wadda ta fi wahalar da mutane ita ce 678, wato an kira ba a amsa ba. Ofisoshi da yawa sai an danna 9 kafin a samu layin waje, kuma idan an ajiye wannan 9 ɗin a saitin kira, kwamfutar za ta ci gaba da buga ta a gida, kiran ya ɓata. A cire ta, a kuma duba ko lambar yankin Kano ta shiga inda ba a buƙatarta. Idan 691 ta fito, yawanci suna da kalmar sirrin ofis aka rubuta maimakon na kamfanin intanet.

Idan kiran ya shiga amma babu shafin da ya buɗe, abin zargi na farko shi ne furoksi, wato babbar kwamfutar ofis da burauza (manhajar buɗe shafukan intanet) ke bi kafin ta fita waje, wadda ba a isa gare ta daga gida. A tsohuwar kwamfuta mai burauzar Internet Explorer, a shiga Internet Options, sannan Connections, a zaɓi sunan layin tarhon, a danna Settings, a cire alamar furoksi. Kada a taɓa LAN Settings, domin na ofis ne kuma ba ya shafar layin tarho. Goge shi zai hana aiki gobe da safe. Burauzar Firefox kuwa saiti ɗaya gare ta ga kowane layi, dole a riƙa sauya shi, kuma ina roƙon a rubuta adireshin furoksin a takarda kafin a cire.

Daga nan a buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta wa Windows umarni, a rubuta ping 8.8.8.8 don gwada ko kwamfutar na isa waje. Idan an samu amsa amma sunayen shafuka ba sa aiki, matsalar DNS ce, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshinsa na lambobi: a shiga saitin adireshi mai suna TCP/IP na layin tarhon a bar shi ya karɓi adireshi da kansa, sannan a rubuta ipconfig /flushdns.

Kada a jona modem da tarhon teburin ofis sai an tambayi mai kula da na'urori, saboda layukan dijital na iya ƙona shi. Jinkiri kuwa ba lalacewa ba ne, domin iyakar gudun wannan hanya kilobit 56 ne a daƙiƙa. Da damina, da zarar hadari ya haɗu, a zare wayar tarho daga kwamfutar.