Yadda ake samun odar kariya ta wucin gadi daga kotu a Legas

Mata da yawa a Agege da Idi-Araba da Mile 12 suna ɗauka cewa zuwa kotu kashe aure ne, ko tura miji gidan yari. Odar kariya ba ta yin ko ɗaya. Umarni ne daga alƙali da ke hana mutum dukanki, ko yi miki barazana, ko bin sawunki, ko zuwa inda kike sana'a. Dokar Jihar Legas ta 2007 kan cin zarafi a cikin gida ce ta tanade ta, kuma ta shafi miji da tsohon miji da saurayi da ɗan'uwan da kuke gida ɗaya. Namiji ma yana iya nema.

Fara da tsira da ranki, 'yar'uwa. In mai cin zarafinki yana ƙofa yanzu, kira 112 ko 767. In akwai rauni, je asibitin gwamnati ki karɓi rahoton likita. Wadda aka yi wa fyaɗe ta nufi Cibiyar Mirabel da ke asibitin LASUTH a Ikeja, kyauta suke dubawa, kuma gara ta je kafin ta yi wanka.

Sai tara shaida, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Kada ki goge saƙonninsa na WhatsApp don ɓacin rai. Ɗauki hoton rauni tun bai warke ba, ki tura wa wadda kika amince da ita, domin waya ce abu na farko da mai duka ke ƙwacewa. Rubuta rana da lokaci da abin da ya faɗa, ko da ajami ne. Maƙwabciyar da ta ji ihu ma shaida ce.

Daga nan ki je hukumar DSVA a Alausa, wadda gwamnatin jihar ta kafa don yaƙi da cin zarafi a gida da fyaɗe, ko ofishin lauyoyin gwamnati masu kare marasa hali, wato OPD. Za su taimaka a rubuta buƙatarki da takardar rantsuwa, a shigar a kotun majistare, irin ta Ogba ga mutanen Agege. In Turanci ko Yarbanci na ba ki wuya, nemi tafinta. In tsoro ya hana ki fita, ma'aikaciyar jinya ko ɗan sanda na iya shigar miki da yardarki.

Alƙali na iya ba da odar wucin gadi tun kafin a saurari wanda ake ƙara, muddin ya ga alamar haɗari a takardunki. Amma sai an kai masa takardar take hawa kansa, don haka ki ba da adireshin gidansa da na rumfarsa daidai. Ki ajiye kwafi a jaka, ki kai ɗaya ofishin 'yan sandan unguwarku. In ya karya odar, laifi ne, ana kama shi.

Kotu za ta sa ranar da za a ji ɓangarorin biyu. Kafin ranar dangi za su zo da ban haƙuri, wani ma ya kai maganar fadar Sarkin Hausawa. Ban hana sulhu ba, amma a ganina kada ki janye sai alƙali ya saurare ki, ya duba ko zai tabbatar da odar.

Yarinyar da aka kawo aikatau daga Arewa aka tsare, ba albashi ba fita, maganarta ta hukumar NAPTIP ce mai yaƙi da fataucin mutane, ofishinsu na Ikeja.