Yadda za ka fara tara tsoffin kuɗin ƙarfe ba tare da an yi maka sakiyar da ba ruwa ba

Ƙarfen farko da na saya da sunan tsohon kuɗi, rodin gini ne. Wani dillali ne ya zaro mun shi daga buhu a naɗe cikin tsumma, ya yi jawur da tsatsa, ya ce wai kuɗin aure ne na mutanen dutse daga wajen Adamawa, kakan wani ne ya bari. Na taya ya ce albarka, na ƙara ya sallama, na taho gida ina jin na yi tsintuwa. Da na kai wa wani tsohon maƙeri a unguwarmu, juya shi kawai ya yi sau biyu, ya kama yatsana ya ɗora a wuyan ƙarfen ya ce "ɗana shafa nan", ashe ƙurajen nan na jikin rodi ba su gama bajewa ba, an dai buga su da guduma an bizne abin a ƙasa ya ɗan kwana biyu. Shikenan kuɗina sun tafi.

Kafin ka sayi komai ka san me kake nema. Mu a ƙasar Hausa wuri muka fi sani, kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce, amma maƙwabtanmu da yawa da ƙarfe suka yi ciniki suka biya sadaki. A Saliyo da Laberiya da Gini akwai kuɗin Kissi, siririn ƙarfe murɗaɗɗe kamar tsawon rular 'yan makaranta, kai ɗaya a baje ɗayan mai kunne biyu, ana ɗaure su ashirin-ashirin, kuma in ya karye sai su ce ransa ya fita, ba ya karɓuwa sai an kai wa wanda zai haɗa shi ya mayar mishi da rai. A Taraba da Adamawa, wajen Mumuye da Chamba, akwai sandunan ƙarfe irin tajere mai kumburi a tsaka. A wajen Filato da Nasarawa kuma manyan ruwan garma ne waɗanda ba a yi su don noma ba sam. Mutanen Topoke a Kwango nasu kamar kan mashi yake, wani tsayinsa ya kusa kai na mutum. Mundayen manila na kudancin Najeriya kuwa ba ƙarfen maƙera ba ne, tagulla ce ta zubi, Turawan mulki suka janye su daga 1948, sama da miliyan 32 aka tattara, saboda haka kar wani ya ce maka abu ne da ba a samu.

Ni dai shawarata, in za ka tara kayan gargajiya, ka fara da ƙarfe. Yana da sauƙin kuɗi don an ƙera shi da yawa, gara ba ta cinsa, sannan wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ajiye gunki a ɗaki ba, kamar yawancinmu, ba shi da wannan damuwar.

Yanzu duba kaya. Ka fita da shi rana, ban da kallon cikin shago. Ƙarfen da aka narko daga tama aka buga a kan uwar maƙera jikinsa ba ya yin sumul, za ka ga sawun masaba ba a jere ba, wani wuri kauri wani wuri siriri, kuma in ka ƙura ido akwai wasu layuka kamar zaren itace, ragowar kashin tama ne da ya miƙe lokacin bugu. Inda aka haɗa ƙarfe biyu maƙerin da a wuta yake haɗawa, ya ɗora wannan kan wancan ya buga har su zama ɗaya, to in ka ga ɗigo-ɗigon walda ko zanen injin gurza, ajiye mishi kayansa ka yi gaba. Tsatsa ma tana magana. Ta shekaru duhu take yi, ruwan ƙasa mai baƙi-baƙi, ta kama jiki ba ta bin hannu. Wadda aka jawo da gishiri ko ruwan batir ja ce wur, ko'ina iri ɗaya, ka shafa da farin ƙyalle ka gani. Kuma ka je gidan tarihi ka cika idonka da na gaske, Gidan Makama a Kano, gidan tarihi na Jos, na Boubou Hama a Yamai, ko gidan tarihin kuɗi na Babban Banki a Abuja. Gani ya kori ji.

Ba wai dillalai duka macuta ba ne fa. Wannan fatauci namu ne tun tuni, Hausawa ne suka riƙe shi a kasuwar Treichville ta Abijan da Lome har zuwa ɗakunan ajiya a New York, kuma mai gaskiya a cikinsu in ka tambaye shi kai tsaye zai ce maka wannan kwafi ne. Kwafi ba laifi ba ne matuƙar kuɗin kwafi ka biya.

Abin da ya fi ƙarfen kansa daraja a gwanjo shi ne takarda, wato asalin kayan, daga hannun wa ya fito, yaushe, a ina. Ka sayi littafi guda, duk abin da ya shigo hannunka ka ba shi lamba, ka rubuta rana da wuri da kuɗin da ka biya da tsawo da nauyi, ka ɗauki hoto gaba da baya, rasit ko na hannu ne ka adana. Tsohuwar lamba ko takardar da ka tarar manne a jiki kar ka ɓare. Ka tuna abin da ya faru a Faransa, wasu tsofaffi mata da miji suka sayar wa wani dillalin tsofaffin kaya wata fuskar katako ta mutanen Fang na Gabon a kan Yuro 150, a watan Maris 2022 aka sayar da ita a gwanjo a Montpellier a kan Yuro miliyan 4.2, bayan an gano kakan mijin, wani gwamnan mulkin mallaka, shi ya kawo ta tun farkon ƙarni na 20. Sun kai ƙara, kotu ta ce ciniki ya faɗa.

Sai doka, kuma nan ne mutane ke tsallakewa. A Najeriya dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta 1979 ta ce abin hannu na gida da aka yi kafin 1918, ko mai muhimmanci da aka taɓa amfani da shi a bikin gargajiya, kayan tarihi ne, ba a saye ko sayar da shi sai ta hannun wakilin da hukumar ta amince da shi, ba kuma a fita da shi ƙasar waje sai da izininta. Saboda haka in ka gaji wani abu ko ka ga kamar tsoho ne da gaske, ka kai ofishinsu su duba tukuna, ko sabon sassaƙa za ka tura waje ka karɓi takardarsu don kar kwastan su riƙe a filin jirgi. Gumakan yumɓu na Nok da na yankin Sakkwato da Katsina da na Bura a Nijar kuwa, tun 2000 suna cikin jan jerin kayan da ake sacewa na ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, haƙo su ake yi a ɓoye, ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa. Hauren giwa ma kar ka karɓa.

In ka zo saye a gwanjo, ko Sotheby's ne ko Christie's ko ɗakunan Drouot na Paris ko ƙananan da ake yi ta intanet, waɗanda can ne ma kuɗin ƙarfe suka fi fitowa, ka karanta kundin kayan a natse. Kintacen farashin da suke sawa ba shi ne farashi ba, wani lokaci da gangan ake yin ƙasa da shi don a jawo masu tayi. Ka nemi su turo maka bayanin lafiyar kayan da ƙarin hotuna, ka tambayi asali, in amsar ba ta wuce "daga tarin wani Bature" ba babu suna babu shekara, ka rage zumuɗi. Babban gida ma ba hujja ba ne, a watan Yuni 2020 Christie's ta sayar da gumakan Ibo guda biyu a Paris duk da Najeriya ta nuna ba ta yarda ba. Sannan ka yi lissafin la'ada kafin ka ɗaga hannu, misali guduma ta faɗi, wato an sallama maka, a Yuro 1,000 la'adar gidan kashi 25 cikin ɗari ce, kaga 1,250 ke nan, ba a zo kan kuɗin aike da canji da kwastan ba. Ka rubuta iyakarka a takarda, in an wuce ta ka bar musu, zafin tayi ya fi na caca ɗaukar mutum.

In kai ne mai sayarwa su ma za su cire tasu la'adar daga wajenka, wani gidan har da kuɗin hoto da inshora, ka yi ciniki a kai, ka kuma sa a rubuta mafi ƙarancin farashin da ka yarda a sallama. Ƙananan ƙarfuna gara ka haɗa su kashi guda, ɗaurin Kissi cikakke ya fi ɗaiɗai jan ido.

Kuma don Allah kar ka wanke kaya don su yi kyau. Samfefa da burushin ƙarfe da fenti da baƙin mai duk kashe daraja suke yi. Burushi mai laushi ya isa ya kakkaɓe ƙura, ka ɗaga su daga kan siminti musamman da damina, ka jefa 'yan ƙullin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin takalmi cikin akwatin, in kuma ka ga sabuwar jar tsatsa na tsirowa ka canza musu wuri tun ba ta ci ciki ba.