Yadda Ake Tattara Tarihin Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Ƙaramin Gari

Duk wanda ya yi niyyar rubuta tarihin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙaramin gari, ya fara da tsofaffin 'yan wasanta tun suna raye, domin abin da ke cikin kansu babu shi a takarda. A zauna da kowannensu shi kaɗai, a naɗi muryarsa, sannan a ajiye tsohon hoton ƙungiyar a gabansa. Sau da yawa dattijon da ya kasa tuna shekara zai ɗora yatsa a kan fuskar mai tsaron gida, nan take labarin wasan ya dawo masa daki-daki. Sai dai kada a ɗauki maganar mutum ɗaya a matsayin hujja, musamman game da yawan ƙwallayen da ya ci, har sai an gwada ta da tsofaffin jaridu da rajistar hukumar wasanni.

Idan shekarar kafuwa ta tabbata, sai a nemo lokacin da al'amura suka juya. Misali, ƙungiyar Villarreal ta Sifaniya, wadda aka kafa a 1923, ta shafe shekara 75 kafin ta hau rukunin farko a 1998, shekara ɗaya bayan Fernando Roig ya karɓi ragamarta, kuma a 2021 ta doke Manchester United ta ɗauki kofin Europa. A irin wannan gaɓa ya kamata marubuci ya dakata, ya binciko wanda ya zuba kuɗi, da wanda ya gyara fili, da kocin da ya raini matasan.