Yadda ake haɗa balazma daga jinin majiyyaci don taimaka wa karaya ta kama

A ɗakin tiyatar ƙashi da nake aiki a Jidda, 'yan'uwanmu na Karantina da na Shara Mansur a Makka sukan zo da karayar da ta shekara ba ta kama ba, wani ma bayan ya sha hannun maɗori. Da likita ya ce zai sa "balazma", sai a fara zare ido. Jinin mutum ne da kansa, ake tace ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, a daskarar da su, a liƙa a bakin karayar. Ƙwayoyin nan suna ɗauke da sinadaran da ke tada sabuwar tsoka da jijiyoyin jini. Robert Marx, likitan muƙamuƙi a Amurka, shi ya fito da dabarar fili a 1998.

Abu na farko gwajin jini. Mai lafiya yana da ƙwayoyin nan 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikurolita (kashi ɗaya cikin dubu na mililita), ana kuma so a tattaro kusan miliyan ɗaya a kowace maikurolitar balazman. Wanda ya tashi daga zazzaɓin dengi, wanda ba baƙo ba ne a Jidda da Makka, ya faɗa wa likita, don dengi yana zubar da ƙwayoyin nan ƙwarai. In wurin karayar yana ruwa ko mugunya, sai an kashe ciwon tukuna.

Na biyu, magani. Brufen da Voltaren da asfirin suna kashe kaifin ƙwayoyin, don haka akan dakatar da su kamar mako guda kafin aiki, a koma Panadol. Amma Baba mai shan asfirin saboda zuciya kada ya yanke da kansa. Likitansa ne zai ce.

Ranar aiki, kafin wuƙa ta taɓa fata, muna ɗibar mililita 30 zuwa 60 daga jijiyar hannu cikin sirinji mai sitiret, don kada jinin ya yi gudaji tun da wuri. A zuba a kwalba, a sa a injin wulwula jini na 'yan mintuna. Yana fitowa hawa uku: ja a ƙasa, ruwan ɗorawa a sama, sai wani siririn farin zare a tsakani. Zaren nan da abin da ke kansa ake nema. Nan hannu ke nuna gwaninta, don in allurar da ake zuƙo su da ita ta ɗan nutse kaɗan sai ja ya biyo, a ɓata. Galibi akan sake wulwulawa a zubar da ruwan sama.

Daskararwa sai likita ya ce ya shirya. A ɗiga kalsiyam da turombin, sinadarin da ke sa jini ya yi gudaji, kan ka ƙirga sittin ya fara kafewa kamar kokon da ya huce, har ka ɗaga shi da hantsaki. Yawancin amfaninsa cikin sa'ar farko yake fita, shi ya sa ba a haɗa shi a ajiye.

Kafin nan likita ya kankare bakin ƙashin har ya yi jini, ya ɗaure shi da faranti ko sandar ƙarfe, sau da yawa ya gutsuro ɓarɓashin ƙashi daga ƙugu. A cuɗa ɓarɓashin da daskararren, a cusa a giɓin, a rufe ba tare da an sake wankewa ba.

Ni dai a ganina taki ne kawai. Bincike kansa ya rabu: wani ya ga saurin warkewa, wani bai ga bambanci ba. Ƙashin da ke motsi kuwa, ko kwano guda aka zuba masa ba zai kama ba. Ka tambayi kuɗinsa da ko inshora za ta biya tun kafin ka sa hannu.

Bayan sallama, a ajiye sigari da shisha, mai ciwon suga ya riƙe sugansa, a auna bitamin D, don ƙarancinsa ya yi yawa a ƙasar nan duk da zafin ranarta. Kada a taka ƙafar sai an ba da izini, a dawo ɗaukar hoton ƙashi bayan kamar mako shida.