Yadda Za a Duba Rufin Masallaci ko Makarantar Unguwa Idan Yana Yoyo

Ginin da jama'a suka mallaka tare, kamar masallacin unguwa ko makarantar Islamiyya, yakan daɗe yana yoyo saboda kowa yana jiran wani ya fara magana. Don haka a fara da ɗora wa mutum biyu ko uku alhakin duba rufin, kuma su yi hakan tun ruwa yana sauka, musamman a watan Agusta da damina ta kankama, domin a lokacin ne kowace kafa take tona kanta. Su zagaye duk wurin da ke ɗiga da alli, su kuma ɗauki hotonsa.

Wajibi ne a sani cewa inda ruwa yake ɗigowa daga silin ba lalle ne a samansa ɓular take ba. Sau da yawa ruwa yana shiga ta ramin ƙusa, ya bi jikin katako ya yi nisa kafin ya sauko. Saboda haka a kashe wutar lantarki, sannan kafinta ya shiga tsakanin silin da kwano da tsakar rana, inda hasken rana zai nuna masa kowace ɓula. Ya duba ƙusoshin da suka saki, da mahaɗar kwano, da kwarin da rufi biyu suka haɗu, wanda nan ne tsatsa ta fi ci. Idan rufin ɓoyayye ne a bayan bango, a fara da magudanar ruwansa, don leda da ganye da ƙurar hunturu kan toshe ta, ruwa ya taru ya koma cikin ɗaki alhali kwanon lafiyarsa lau.

Abin da na fi so a tsaya a kansa shi ne katako. A soka masa tsinin ƙarfe a wurare da dama, musamman inda ya zauna a kan bango. Idan ƙarfen ya nutse cikin sauƙi ko gari ya zubo, to gara ko danshi sun gama da shi. Buga sabon kwano a kan irin wannan katako asarar kuɗin jama'a ne, domin ƙusa ba za ta kama ba, kuma iskar farkon damina tana iya yaye rufin ɗungurungum a kan yara suna karatu. Sabon katako kuwa a shafe shi da maganin gara kafin a ɗora. Idan ginin soro ne, a duba azara da indararo, a kuma sabunta yaɓe.

Bayan an gama dubawa, a nemi kafintoci biyu ko uku kowanne ya rubuta lissafinsa, ya raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, ya faɗi kaurin kwanon da zai saya da yawan bandir, ganin cewa bandir ɗaya falle 20 ne. A karanta wa jama'a lissafin kafin a fara karo-karo, kuma a riƙa biyan kuɗin aiki kashi-kashi gwargwadon abin da aka kammala. Toshe ƙananan ɓuloli ana iya yinsa nan take, amma sauya katako ko kwance rufi sai rani, tsakanin Nuwamba da Afrilu. Kada kowa ya hau kwano yana jiƙe, wanda zai hau kuma ya taka layin ƙusoshi kawai, inda akwai katako a ƙarƙashi.