Yadda Ake Auna Rawar Wuta Kafin a Jona Sabuwar Adafta ga Tsohuwar Kwamfuta

Duk wanda ya mallaki tsohuwar kwamfuta irin Commodore 64 ta shekarar 1982 ya san cewa adaftarta ta asali abar tsoro ce, domin idan ta tsufa takan saki wutar da ta wuce bolt 5 ta ƙone ƙwayoyin ajiyar bayanai. Shi ya sa mutane ke komawa ga adaftar zamani, wadda ba ta da nauyi kuma ba ta zafi sosai. Sai dai ita wannan tana aiki ne ta hanyar kunna wuta da kashe ta sau dubbai a cikin daƙiƙa guda, kuma wannan yakan bar wata 'yar rawa, wato ɗan hawa da sauka, a kan wutar da take fitarwa.

Ma'aunin da na fi amincewa da shi shi ne na ƙa'idar ATX, wadda ake bi wajen ƙera akwatin wutar kwamfutocin tebur: kada rawar ta wuce milibolt 50 daga ƙasa zuwa ƙololuwa a layin bolt 5, da milibolt 120 a layin bolt 12. Ƙwayoyin lantarki masu lissafi irin TTL na jerin 74LS, waɗanda suka cika injinan wancan zamani, an ƙera su ne su yi aiki tsakanin bolt 4.75 da 5.25, saboda haka milibolt 50 ba zai dame su ba muddin ita kanta wutar tana tsakiya. Inda matsalar ke fara bayyana shi ne ɓangaren hoto da sauti. Kafin lissafin kwamfutar ya rikice, za ka ga siraran layuka suna tafiya a kan allo, ko ka ji wani siririn fito a lasifika, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa dalilin neman ƙasa da milibolt 30.

Mitar hannu ta auna wuta ba za ta nuna maka wannan rawa ba, sai osiloskop, wato na'urar da ke zana hawa da saukar wuta a kan allo. Ka fara ɗora wa adaftar lodi, wato abin da zai ja wuta daga gare ta, domin awon da aka yi babu lodi yaudara ne: rizisto (abin taƙaita gudun wuta) mai om 5 da wat 10 zai ja amfiya ɗaya a bolt 5, kuma zai yi zafi, don haka kada ka riƙe shi da hannu. Ka saita osiloskop ɗin ya tace wutar tsaye (DC) ya bar rawar kaɗai, ka taƙaita saurin rawar da zai iya gani zuwa megahaz 20, sannan ka haɗa kafasita (abin riƙe cajin wuta) guda biyu a wurin awon, ɗaya mai mikrofarad 0.1 ɗaya mai 10.

Kuskuren da ya fi yawa yana kan doguwar wayar ƙasa mai bakin kada da ke jikin tsinken awo na osiloskop. Wannan waya takan zama eriya ta kwaso hayaniya daga iska, har ka yar da adafta lafiyayya a banza. Ka cire ta, ka yi amfani da gajeren sifirin ɗin da ke zuwa tare da tsinken.

Idan rawar ta ɗan haura iyaka, ƙaramin nadin waya mai mikrohenri 10 tare da kafasita mai mikrofarad 470 a bakin fitar wuta yakan kwantar da ita. Mai Commodore 64 kuma ya tuna cewa injin yana buƙatar bolt 9 na wuta mai juyawa (AC) baya ga bolt 5, kuma wannan sai daga taransifoma.